Amsa ga malamin da ya tambaye ni batun 1-3-7 a rediyo

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar da aka gayyace ni shirin kiwon lafiya, ka bugo waya ka ce tunda ƙasar Sin ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, me ya hana mu ɗauko dabararta? Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda ya kamata ba.

Dabarar ita ce 1-3-7, wadda suka fara a 2012. Duk wanda gwaji ya nuna yana da cutar, a kai rahotonsa cikin kwana 1. Cikin kwana 3 a gano inda ya kwaso ta, a gida ne ko a wurin tafiya. Cikin kwana 7 a shiga unguwarsu, a gwada maƙwabta, a yi feshi. Akwai dalilin wannan gaggawa: ƙwayar cutar takan yi kwana 10 ko fiye a cikin sauro kafin ya iya sa wa wani ita, don haka wanda ya riga ta isa ya tare mata hanya. Tun 2017 ba a sake samun wanda ya kamu a cikin ƙasar ba, a 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su takardar shaidar rabuwa da cutar.

Sai dai fa, Malam, sun yi haka ne bayan masu cutar sun zama 'yan ƙalilan. Mu kuwa, a duk mutum 4 da suka kamu a duniya, kusan 1 ɗan Najeriya ne. A watan Agusta, a ƙaramin asibitin da nake aiki, kafin azahar shafin rajista ya cika, ga iyaye mata jere a baranda, kowacce da yaro jiki zafi rau a cinya. Wa zan bi gida, wa zan bari?

Abin da ke ci mini rai shi ne rahotonmu na wata-wata. Sai ƙarshen wata nake cika fom, in hau acaɓa in kai ƙaramar hukuma. Kafin na sama su ga ƙauye kaza ya rikice da zazzaɓi, kayan gwaji sun ƙare, damina ma ta kusa ɗaukewa. Da za a bar mu mu riƙa tura alƙaluma ta waya duk mako, ko da daga Yuli zuwa Oktoba ne, da magani ya riski masu buƙata da wuri.

Sannan a ba mu ma'aikacin da zai leƙa gida a kwana na 3 da fara shan magani. Maganin na kwana 3 ne, amma sau nawa na tarar da rabin ƙwayoyin a ƙulle a bakin zani, an ajiye wa ƙanin yaron saboda jiki ya yi sanyi?

Wassalam, a gaida iyali.