Lissafin matsakaici ya kusa ja mana asara

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen 'yan'uwana akawu masu haɗa rahoton ciniki a manhajojin kwamfuta irin su Excel ko Power BI.

Ina riƙe da littafin wani dillalin shinkafa mai shaguna biyu a Kano. Ranar wata Laraba, ƙaramin shagon ya sayar da buhu 10 a kan naira 60,000 kowanne, babban kuma buhu 90 a kan 50,000. Allon kwamfuta ya nuna matsakaicin farashi 55,000. Maigida har ya fara murmushi, yana shirin ƙaro kaya.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na ɗauko biro: kuɗin duka 5,100,000, buhu 100, wato 51,000. Ashe yaron da ya tsara mana manhajar farashi biyun ya haɗa ya raba biyu, kamar shagunan nauyinsu ɗaya. Kamata ya yi a tara kuɗin, a raba da yawan buhuna.

Wata matsalar kuma, AVERAGE, wato dabarar da manhajar ke fitar da matsakaici da ita, tana tsallake gurbin da aka bari fayau, amma tana ƙirga sifiri. Ranar da muka rufe shago, sifiri yaron ke rubutawa, sai matsakaicin ya ragu.

Naka,
Wani akawu, Kano