A bar yara su harba rokar ruwa, amma su fara koyon ƙidayar lokaci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Jos, kuma ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana malamai. Duk baje kolin kimiyya da aka yi, abin da yaranmu ke kawowa bai wuce gidan kwali mai ƙwan fitila ba. Alhali da gorar lemo ta roba, famfon keke da ƙaramar kyamara, yaro zai iya ɗauko hoton rufin makarantarsu daga sama.

Rokar ruwa nake nufi, ba ta albarushi ba. A garin nan kowa ya san dalili, ba sai na faɗa ba. Ana zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na gorar, a bunƙasa mata iska, a saki. Harbawar ba wuya. Wuyar ita ce kyamarar ta ɗauki hoto a daidai lokacin da rokar ta kai ƙololuwa, domin a nan ne gudunta ke raguwa har ta kusa tsayawa, hoton ya fito tas. Rokar da ta tashi da gudun mita 30 a sakan ɗaya tana kaiwa can cikin sakan 3 ko ƙasa da haka. Ka makara kaɗan, ta riga ta juyo tana wulwulawa.

Don daidaita wannan lokacin, malamai da yawa za su ce a sa 555, wannan tsohuwar na'urar ƙidayar lokaci da ta fito a 1972. Ina girmama ta, da ita na koyi aikin. Sai dai lokacinta ya dogara ga resista (mai rage gudun wuta) da kafasita (mai tara wuta), kuma irin kafasitar da muke saye a kasuwar Taminus tana iya kauce wa abin da aka rubuta a jikinta da kashi 20 cikin 100. A sakan 3, kuskuren ya haura rabin sakan. Kuma duk sanda kake son sauya lokacin sai ka taɓa resista ko kafasitar.

Shi ya sa na fi son ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki irin ATtiny85 mai ƙafa 8, ko Arduino Nano idan nauyi bai dame ka ba. Idan za ka sauya lokacin, lamba ɗaya za ka canza a kwamfuta. Amma babban abin lura shi ne daga ina ƙidayar ke farawa. Kada ta fara daga yatsan yaro, don wanda ke riƙe da igiyar saki yakan yi jinkiri, wani ma sai an yi masa tsawa. A ɗaure siririyar waya a jikin turken harbawa, rokar na tashi ta fizge ta, ƙwaƙwalwar ta ji layin ya yanke, ta soma ƙirga. Tsakaninta da maɓallin kyamara a sa PC817, wadda ke isar da umarni ta hanyar haske, don kada wutar wannan ta shiga wancan. Kuma tunda kyamara mai araha tana ɗan nauyin jiki kafin ta ɗauka, a umarce ta ta yi ta ɗauka a jere, daga gab da ƙololuwa har bayanta.

Batir kuwa a like shi da dalma. Fizgar tashi tana iya raba shi da maƙalinsa na ɗan ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwar ta mutu ta farfaɗo, ta manta ma an harba ta.

Ɗaliban da suka ƙware sai a ƙara musu BMP280 mai auna matsin iska, rokar ta gane da kanta ta daina hawa. A tuna Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, don haka a fara auna matsin filin makaranta a ɗauke shi a matsayin sifili.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a nan Jos ɗinmu. Ina roƙon masu shirya gasar makarantu su gayyaci ma'aikatanta su zama alƙalai, su nuna wa yara yadda ake lissafa tsayi da faɗin fili daga hoton sama. Malamin da zai gwada kuma, don Allah ya sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tukuna, ya nemi fili nesa da wayoyin lantarki, ya ja yara baya kafin a fara bunƙasa iska.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Unguwar Rogo, Jos