A sakar wa malaman ƙungiyoyin haziƙan ɗalibai kuɗin bincike kafin ruwan shuka

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu isar da kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin jami'o'inmu.

Ana yawan haɗa ɗaliban da suka fi zarra a ƙungiya guda, a ɗora musu malami ya riƙe su. Tsari ne mai kyau, kuma a wasu ƙasashe ya daɗe. A Amurka, ƙungiyar Sigma Xi da aka kafa a 1886 tana ba ɗalibai ƙananan kuɗin bincike tun 1922. Amma a wurinmu malamin da aka ba ɗalibai ba a ba shi ko dala ba, taro da lacca kawai zai iya. Shi ma yana da nasa lissafi: hukumar CAMES mai ƙara wa malaman jami'a girma tana duba binciken da mutum ya buga a mujallu. In riƙon ƙungiya ba ya haifar da bincike, malamai nagari za su guje shi, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci shi ne ranar fitarsu. A jihar Maraɗi bincike da yawa a gona yake, gona kuwa ba ta jiran takardar ofis. Ɗauki gwajin takin zamani kan hatsi. Ana kwatanta gurbin da aka zuba wa giram 6 na NPK da wanda aka zuba wa giram 2 na DAP da wanda ba a sa wa kome ba, tazarar mita ɗaya tsakanin gurabe, kowane salo a maimaita shi sau huɗu. Iri, taki, igiyar awo, turaku da sikeli dole su kasance a hannu tun watan Mayu, domin ana shuka ne washegarin ruwa mai ƙarfi, galibi a Yuni. Kuɗin da ya fito a Agusta ya tarar da hatsi ya yi kara. In aka yi shukar makara, zangarniya za ta fito lokacin da damina ke janyewa, sai ɗalibi ya auna illar fari yana zaton illar taki ce. Shekara ta tafi ke nan.

Haka gwajin ajiyar wake a buhun PICS mai leda biyu a ciki: ana ɗaure buhu da kaka, a buɗe bayan wata shida a ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda cikin ɗari. Wanda ya sayi wake a Maris ya sayo shi da ƙwaronsa.

Shawararmu ita ce a buɗe asusu na musamman, jika 300 zuwa 500 na sefa ga kowace ƙungiya a shekara. Malami ya miƙa takarda shafi uku a Fabrairu, da tambayar bincike da sunayen ɗalibai biyar zuwa takwas da lissafin kaya. Kwamitin mutum uku ya tantance a Maris, ɗayansu daga wajen jami'ar, misali tashar Tarna ta INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, don kada abota ta shiga. A saki kashi 60 cikin ɗari a Mayu, sauran bayan girbi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne rasit. Mai kabu-kabu da ɗan ƙwadagon da ya yi noman fari ba su da hatimi, sai akanta ya ƙi karɓar lissafi, kaso na biyu ya maƙale. A yarda da takardar biya mai sa hannu ko dangwalen yatsa, malami da shugaban ɗalibai su shaida. A kuma rubuta tun farko cewa sunan duk ɗalibin da ya yi awo ya tattara bayanai zai fito a abin da aka buga, a ware jika 50 don kai sakamakon da Hausa ƙauyen da aka ari gonarsa.

Wasu malaman jami'a masu bincike,
Maraɗi