Waswasin Ɗana Da Irin Tausayin Da Ya Ƙara Masa Ciwo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana da iyayen da ke da mai waswasi a gida.

Ɗana na biyu yana da shekara 17 abin ya kama shi. Alwala ɗaya sai ta cinye buta uku. Ya wanke hannu, ya ce bai tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba, ya koma farko. Ana sallame Asuba yana tsugune bakin rariya cikin hunturu, bayan hannunsa ya tsattsage har da jini. Mun sha yawon neman magani, wani ma ya karɓe mana kuɗi ya ce aljana ce ta aure shi.

Abin da ke cin raina shi ne namu kason. Sai ya ce, "Umma, kin ga na shafi kai?" ta ce ta gani. A yini ya tambaya sau 20. Ƙannensa kuwa suna ta jido masa ruwa. Mu duk a ganinmu tausayi ne. Likitar ƙwaƙwalwa ce ta fahimtar da mu cewa kowace amsa tana sanyaya masa rai na ɗan lokaci, sai kokwanton ya dawo ya fi na da.

Hanyar da ta bi da shi, wadda wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966, ita ce ya tunkari abin da yake tsoro, ya ƙi maimaitawa. Aka fara da mai sauƙi, ya taɓa marfin ƙofa bai wanke hannu ba. Daga baya alwala sau ɗaya, ya ajiye buta, ya zauna har fargabar ta sauka da kanta. Ranar farko yana rawar jiki, uwarsa na kuka a kicin. Mu kuma aka ce kada mu amsa, kada mu yi faɗa. Sai dai mu ce, "Waswasin ne, muna nan tare da kai." Aka haɗa masa da ƙwayar magani, wadda kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninta sosai.

Limaminmu ma ya taimaka, ya karanta masa hadisin da ya ce kada mai kokwanto ya bar salla sai ya ji sauti ko wari.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Yanzu buta ɗaya tana isar sa, ko da yake idan jarrabawa ta matso abin kan leƙo, sai mu koma yin shiru.

Naka,
Wani uba daga Tudun Wada, Zariya