Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Sashen Kula da Masu Sankara

Zuwa ga shugaban sashe da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda godiyar baki da na yi muku ranar da na kammala maganin kemo, wato maganin sankara da ake sa mini ta ƙarin ruwa, ba ta gamsar da ni ba, kuma yabon gwani ya zama dole.

Kafin in faɗo hannunku na sha wahala a wani wuri da ba zan ambaci sunansa ba. A can aka yanki ɗan nama daga ƙullutun da ya fito mini a nono domin a gwada, sannan aka bar ni ina ta zarya, yau a ce katina ya ɓace, gobe a ce likita bai shigo ba. Da sakamakon ya fito, a tsaye a baranda wani ma'aikaci ya miƙo mini takardar, ya ce sankara ce, ya ƙara gaba, ba tare da an zaunar da ni an gaya mini matakin da cutar ta kai ko abin da zai biyo baya ba. A lokacin an riga an sa ranar auren babbar 'yata, matar ɗana tana da tsohon ciki, autana kuma yana shirin jarrabawar kammala sakandare. Na koma gida ina lissafin wanne zan gani a cikinsu, wanne kuma za a yi babu ni.

Wadda ta fara raba ni da wannan lissafi ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke tsara ranakun magani a sashenku, wadda kowa ke kira Sista. Bayan ta gama cike takarduna sai ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, akwai wani sha'ani a gida da ba kya so ya wuce ki?" Na yi shiru don mamaki, domin tun da aka gano cutar babu ma'aikacin da ya tambaye ni wani abu da ya wuce lambar kati. Da na gaya mata batun bikin, sai ta jawo kalanda ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce maganina ana bayar da shi ne duk bayan kwana 21, kuma fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane ƙarin ruwa, sannan a mako na uku jiki ya fara farfaɗowa. Ta kai maganar gaban likita, shi kuma ya faɗa mini ƙarara cewa ba zai ɗage magani saboda biki ba, amma zai iya zaɓar ranar farawa yadda bikin zai faɗo a mako na uku. Haka kuwa aka yi. Na zauna a wurin taron da takunkumi a fuska da ma'aunin zafin jiki a cikin jaka, ina gaisawa da baƙi daga ɗan nesa, na kuma raka 'yata da ƙafafuna har bakin mota.

Ba su taɓa ɓoye mini komai don su faranta mini rai ba, kuma a ganina wannan ne ya riƙe zuciyata. Sista ta sanar da ni tun da wuri cewa jan maganin nan, doxorubicin, zai mayar da fitsarina ja na kwana ɗaya ko biyu, kada in zaci jini ne. Ta ce gashina zai soma zuba bayan mako biyu zuwa uku, amma zai tsiro idan an gama, don haka na sa 'yata ta aske mini shi kafin in fara tsintarsa a kan matashin kai. Ta kuma ja mini kunne cewa idan zafin jikina ya kai digiri 38, in zo nan take ko da tsakar dare ne, kada in sha farasitamol in kwanta. Gargaɗin ya yi rana a makon da aka haifi jikata, lokacin da zazzaɓi ya rufe ni gida cike da mutane. Na kira sashenku aka amsa wayata, da na iso aka duba jinina, aka sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ɓata lokaci ba, har na samu na rungumi jaririyar bayan an sallame ni.

Abin da ke ci mini rai shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci na'ura mai tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kaɗai an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, amma har yanzu a wurare da dama ana kallon majinyaciya kamar ta zo roƙo. Na zauna da matan da suka daina zuwa karɓar magani a wasu asibitocin, ba don sun warke ba, sai don tsawa da wulaƙanci sun ishe su, ga shi babu wanda ya gaya musu cewa amai da kasalar da suke fama da su suna da magani. Wasu an tura su gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, sun tarar na'ura ta lalace, ba a ko kira su an sanar da su ba. Idan mace mai gida da 'ya'ya ta bar hidimominta ta wuni a kan benci ta koma hannu rabbana, da wuya a sake ganinta sai cutar ta ci ƙarfinta.

Ina roƙon hukumar asibitin ta riƙe waɗannan ma'aikata da kyau, ta ƙara musu abokan aiki, domin na sha ganin Sista tana aiki har yamma ba ta samu ta zauna ba. Ni dai da sauran tafiya a gabana, akwai gashi, sannan ƙwayar tamoxifen mai rage haɗarin dawowar cutar ta aƙalla shekara 5, kuma a hannunku nake son in ƙarasa su. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taku mai godiya,
Wata majinyaciyar sashenku