Binciken jami'a ya sauko rumfar dukawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da malaman jami'o'inmu da kuma 'yan uwana masu cin abinci da fata, wato majema da dukawa da masu sayar da abin da suka ɗinka. Tun da gwamnatin tarayya ta ware ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin fasaha a 2023 ake ta maganar bunƙasa sana'o'in ƙirƙira, amma duk wanda ya buɗe baki fim da waƙa yake ambata. Ba na ƙyashin 'yan fim, Allah ya ƙara musu buɗi. Sai dai badukun da ke zana ado a kan tumtum da marinin da ke ɗaure zane kafin ya tsoma shi a baba su ma masu ƙirƙira ne, kuma sun riga kyamara zuwa Kano da ɗaruruwan shekaru.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ilimin da sana'armu ke nema yana nan kusa da mu. A Samarun Zariya akwai cibiyar tarayya ta binciken fata, NILEST, wadda babban aikinta fata ne. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen zayyanar kayan masana'antu, inda ake koyar da zanen tufa da ginin tangaran. A Shika akwai NAPRI mai binciken dabbobi, har da jar akuyar Sakkwato, wadda ita da 'yar uwarta ta Maraɗi fatarsu ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can ayarin raƙuma ke bi da ita zuwa Turai. A Kano ga Jami'ar Bayero, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil. Duk waɗannan tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo daga Ƙofar Wambai. Amma ka shiga rumfunan dukawa ka tambaya wa ya taɓa kai fatarsa ɗakin gwaji, za ka sha wuya kafin ka samu mai amsa maka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Bari in faɗa maka irin tambayoyin da ke hana mu barci, don kada a zaci surutu ne kawai.

Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka, ya kankare gashi, ya sa ta a ruwan kashin tattabara ta yi laushi, sannan ya jeme ta da bagaruwa, ya shafe ta da man gyaɗa. Duk da ido da hannu yake awo, kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi. In an yi sa'a fatar ta fito luƙwi, in ba a yi ba ta fito da wari wanda ba ya fita, ko ta yi fumfuna da zarar damina ta kankama. Baduku ya saya, ya rina ta ja. A da karan dafi ake sa wa, yanzu yawanci garin rini ne na kanti wanda ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ya ɗinka jaka mai kyau, mai saye ta rataya a kan farin mayafi, zufa ta taɓa, jan ya zuba. Wannan matar ba za ta sake dawowa ba, kuma za ta gaya wa ƙawayenta. Me za a sa wa rini ya kama? Bagaruwa nawa ke isar fata goma, kuma kwana nawa? Yaya za a yi jaka ɗari su fito launi ɗaya idan mai oda ya ce haka yake so? Ɗalibin kimiyyar sinadarai da malaminsa za su iya zama a kan kowace ɗaya daga cikin waɗannan har su samo amsa.

Akwai wadda ta fi waɗannan tsada. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan fata masu taɓa jiki idan sinadarin kuromiyam mai guba da ke cikinsu ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Da gishirin kuromiyam manyan masana'antun jima ke aiki. Jimar bagaruwa kuwa ba ruwanta da shi, wato abin da masu saye a can ke nema da kuɗinsu shi ne abin da kakanninmu suka bar mana. Amma mai saye ba zai karɓi rantsuwa ba, takardar gwaji yake so. Ƙaramin baduku bai san inda ake yin ta ba, bai san nawa take ci ba. Haka muna ji muna gani ake loda fatarmu daga masana'antun Challawa da Sharaɗa zuwa Italiya da Sin, a ɗinka ta a can, ribar ɗinkin da ta zayyana ta tsaya a can.

Ba wai 'yan jami'a ba sa zuwa wurinmu ba ne. Suna zuwa. Ɗalibai daga wata jami'a sun sha zama a rumfarmu da takardar tambayoyi, mu ba su tabarma da ruwa, su ɗauki hoto, su rubuta abin da dattawa suka faɗa. Daga ranar ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. An ɗaure kundin bincikensu da baƙar fata, wataƙila ma ɗan uwanmu ne ya jeme ta, an jera shi a kantar ɗakin karatu, cikin Turancin da wanda aka yi wa tambayoyin ba ya karantawa. Ban ga laifin yaran ba, digiri suka zo nema. Malamin ma ba na ɗora masa duka, domin da yawan maƙalun da ya buga a mujallu ake ƙara masa girma, ba a tambayarsa ko marini guda ya amfana. Ga yajin aiki, ga ɗakin gwaji babu wuta. Tsarin ne ya sa tambayar bincike take fitowa daga ofis, alhali a bakin karofi da majema take.

An taɓa yin abin da nake nufi a ƙasar nan, kuma shaidarsa na bayan takardar naira 20. Ladi Kwali ta iya ginin tukwane irin na Gwarawa tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature maginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Sulejan yau. Ba a ce ta watsar da zanenta na ƙadangare da kunama da kifi ba. Abin da aka ƙara mata shi ne sanin yumɓu mai jure wuta mai tsanani da ruwan ƙyalli da tanderun zamani. Tulunanta suka kai Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Gwanintar tata ce, mai ilimin zamani ya zauna kusa da ita ya ƙara abin da babu.

Don haka roƙona ga shugabannin sassan kimiyya da zayyana: kafin a raba wa ɗalibai batutuwan bincike, a aika wa ƙungiyoyin dukawa da majema da marinan Ƙofar Mata da na Kura, a ce su kawo matsalolinsu. Wanda ya gama, ya dawo rumfar da ya fara ya yi bayani da Hausa, ya gwada a gaban masu sana'a, domin mu ba ma yarda da abu sai mun taɓa shi. Jami'ar Bayero na da gidan rediyonta, minti goma sha biyar a mako ya isa a fara. Asusun TETFund, wanda ke ba da kuɗin bincike, zai iya sa sharaɗin cewa wani kaso sai an zo da abokin aiki daga cikin masu sana'a, da sunansa a takarda da haƙƙinsa a kasafi. Ɗaliban da ake turawa koyon aiki na wata shida kuma, maimakon su zauna a ofis suna jiran a aike su, a turo mana wasu. Muna da aikin da za su yi, tun daga zana ƙirar takalmi mai lamba daidai har zuwa ɗaukar hoton kaya don tallar intanet.

Mu ma da namu. Dattawanmu na ɓoye sirrin sana'a har wani ya rasu da shi, kuma ba ma rubuta komai. Tsoron nasu ba na banza ba ne, don mun ga zanen da aka yi wata ana wahala a kansa ya dawo kasuwa a kan roba mai araha. Maganin wannan yarjejeniya ce a rubuce tun farko: wa ke da zanen, wa ke da sakamakon, yaya za a raba idan kuɗi ya shigo. Malaman shari'a na jami'a za su iya tsara mana irinta a shafi ɗaya da Hausa. Manyan attajiran Kwari da Wambai kuwa, waɗanda ke iya cika kwantena daga Sin, su ji tsoron Allah su ɗauki nauyin ɗalibi ko ɗaya ya yi aiki a kan rinin da ba ya zuba. Kuɗin bai kai na sauke kwantena guda ba.

Kai kuma Malam Edita, ka turo wakilinka ya yini a majema da karofi ya tattara tambayoyinmu, ya kai su Samaru da Jami'ar Bayero, ka buga amsar da aka ba shi da sunan sashen da ya amsa. Idan ya zo Wambai ya tambayi layin dukawa, za mu zaga da shi.

Wassalam.

Naka,
Wani baduku mai karanta jaridarka,
Ƙofar Wambai, Kano.