Amsa ga Alhajin da ya ce tonon ƙasa ba karatu ba ne

Assalamu alaikum Alhaji.

Ranar Asabar ka bugo waya a shirin rediyo ka tambaye ni: don me 'yarka za ta shafe shekara huɗu a Jami'ar Jos tana koyon tonon ƙasa, wato binciken kayan tarihin da ke binne, alhali 'yan kuza da ba su taɓa shiga aji ba su suka tono mutum-mutumin Nok? Lokaci ya ƙure ban amsa ba.

Gaskiyarka, su suka fara tono waɗannan tsofaffin siffofin yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, tun 1928. Kan yumɓun da aka kai wa Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihin Jos a 1952, sai da ya yi zaman gadin gonar doya kafin a san darajarsa. To amma tambayi mai kuzar: a zurfin nawa ya same shi, me ke kwance kusa da shi? Shebur ya riga ya tafi da amsar.

Amsar nan ita ake koyon tsarewa. A fili, da turaku da igiya muke shata wuri, mu riƙa kankare ƙasa da cokalin magina kaɗan-kaɗan, mu tankaɗe ta a rariya. Ko tsingaron da bai kai farce ba sai ya samu ledarsa da lambarsa. Ƙa'ida ita ce na ƙasa ya girmi na sama, sai dai gara da ɓera ba ruwansu da ƙa'ida, dole ɗalibi ya gane inda suka yamutsa. Gawayi kuwa ya fi mana zinariya: sinadarin kabon-14 da ke cikinsa rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730, da shi ake ƙirga shekaru. Ta haka aka san mutanen Taruga, kusa da Abuja, suna narka tama sama da shekara 2,000 da suka wuce. Masanan Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 har ƙonannen gero suka tsinto.

A aji kuma musu ake sha. In salon tukunya ya canza, baƙi ne suka zo, ko fatauci ne, ko matan gari ne suka sake hannu? Kowace mazhabar nazari da nata bayanin.

Batun aiki, ba zan rufe ka ba, guraben ba su da yawa: gidajen tarihi, koyarwa, bincike. In duk da haka tana so, ka saya mata malafa da takalmi mai ƙwari, don da rani ake fita.

Na gode, Alhaji. A gaida gida.